ƘAFA BA TA DAWWAMA: LABARIN BALOGUN ARADU DA SAMARIN BAUCHI

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

 

Yau maganar tamaula na zo muku da ita. Amma kada dattijo ya ce ai wannan ta yara ce ya juya shafi, gama shi dattijon nake nufi da ita tun kafin yaron.

Duk wanda ya zaga garin Bauchi bayan sallar La'asar, daga Ƙofar Ran zuwa Wunti, daga Kobi zuwa Yalwa, da wuya ya wuce wani fili ko harabar makaranta bai ga an ajiye duwatsu biyu an ce raga ce ba. Ran Asabar da Lahadi kuwa gidajen kallon ƙwallo cika suke yi maƙil, ana ta musu a kan kulob-kulob na Ingila sai ka ce can aka binne cibiyar kowa. In ka lura kuma, kowane yaro gaba yake so a sa shi, shi ne mai lamba tara, shi ne mai zura ƙwallo a raga. Tsaron gida sai an yi rigima kafin a sami mai yi.

To, da yawa daga cikin yaran nan iyayensu maza suna can Kudu tare da ku. Wani yana kara wajen shanu, wani yana fataucin goro, wani canjin kuɗi, wani gadi, wani yana jan tanka daga Apapa. Su ne wata rana za a kira a waya a ce yaro ya sami hanya, wani dillali zai fitar da shi Turai gwaji, sai a aiko da kuɗin fasfo da biza da na jirgi. Nan uba zai shiga tsaka mai wuya. In ya hana, a ce ya toshe wa ɗansa arziki. In ya bayar, shi kaɗai ya san shekara nawa ya yi yana tara abin da zai miƙa.

Shi ya sa na ga ya kamata mu koma baya mu dubi wani mutum da ya bi wannan hanya tun ƙasarmu ba ta sami mulkin kai ba. Ya buga wa Arewa, ya buga wa Turawan Ingila a matsayin ɗan wasan gaba mai cin albashi, sa'an nan ya komo gida. Abin da ya tarar a can, da abin da ya riƙo ya dawo da shi, a ciki nake ganin uba zai sami amsar da zai ba ɗansa.

MUTUMIN IKKO

Sunansa Teslim Balogun, wato Taslimu a bakinmu, haifaffen Ikko ne. Dogo ne mai sauri, in ya ɗaɗa ƙwallo kuwa sai ka ji kamar an harba bindiga. Saboda haka 'yan kallo suka sa masa Thunder, wato Aradu. Ku da kuke zaune cikin Yarbawa kun fi ni jin tatsuniyoyin da ake yi a kansa, har da mai cewa ya taɓa harba ƙwallo ta fasa cikin mai tsaron gida ta wuce raga. Wannan ƙarin gishiri ne irin na masoya, amma ya isa ya nuna irin tsoron da ake yi wa ƙafarsa.

A zamanin da ya taso ba a ɗauki ƙwallo sana'a ba a Nijeriya. Manyan kulob na Ikko na ma'aikatu ne da kamfanoni, kamar na Reluwe, da na ma'aikatar jiragen ruwa da ake kira Marine, da na kamfanin UAC. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana bakin aiki, da yamma yana fili. Balogun ya buga wa waɗannan ukun duka, bayan ya fara da Apapa Bombers. Babbar gasar ƙasa a lokacin ita ce ta Kofin Gwamna, wadda aka fara a 1945, daga baya aka sake mata suna ta koma Kofin Ƙalubale.

Cikin watan Agusta na 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 aka ɗora su a jirgin ruwa mai suna Apapa zuwa Libaful. Ita ce ƙungiyar ƙasa ta farko da Nijeriya ta haɗa. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw, Balogun yana ciki, haka kuma John Dankaro wanda ya fito daga Jos. Wanda aka ba aikin horar da su a can shi ma tsohon ɗan wasan gaba ne na Ingila, Jack Finch, wanda ya daɗe yana buga wa Fulham.

Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, sai bandeji da suka naɗe ƙafa da shi, abin da ya sa Turawa suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Wasa 9 suka yi da ƙananan kulob da zaɓaɓɓun ƙungiyoyi. Suka ci 2, aka yi kunnen doki a 2, aka cinye su a 5. A wasan farko sun lallasa Marine ta Crosby da ci 5 da 2. Akwai kuma ranar da aka zuba musu 8 ba ko ɗaya. Wasansu da South Liverpool da dare aka yi shi a hasken fitilun lantarki, abin da baƙo ne ko ga Turawan kansu a lokacin, mutum fiye da 13,000 suka kalla, aka tashi 2 da 2. A hanyar dawowa suka ya da zango a Firitawun, ran 8 ga Oktoba 1949, suka ci Saliyo 2 da nema. Wannan shi ne wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa.

BAƘO A JOS

A 1951 sai ga Balogun a Jos. Gare mu mutanen Bauchi, Jos gida ce. Mil 80 ne ko kusa da haka, ka bi ta Zaranda da Nabardo da Tilden Fulani. Har zuwa 1926 ma ƙasar Jos cikin Lardin Bauchi take, kuma ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar kuza daga can zuwa Zariya da sunan Bauchi ake kiransa, har aka rufe hanyarsa a 1957. Haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina, Hausawa da Fulani da Barebari, Ibo da Yarbawa da Urobo, ga kuma 'yan ƙasa. Inda ma'aikata suka taru kuwa, ƙwallo takan biyo su.

A shekarar nan ƙungiyar Jos, da Balogun a gaba, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna. Wa za su tarar? Reluwe ta Ikko, tsohon kulob ɗinsa. Aka fafata, Reluwe ta ci 3, Jos ta ci 2. Ku dubi wannan al'amari, jama'a. Bayarabe ɗan Ikko ya sa rigar Arewa ya tsaya gaban mutanen garinsu yana neman ya ƙwace musu kofi. Ku da kuka bar Azare da Misau da Ningi da Katagum kuna neman halaliyarku a garin wasu, ba sai an yi muku bayanin irin wannan zama ba. Neman abinci ya kai shi inda ya kai ku, sai dai shi arewa ya nufa, ku kudu.

Da shekara ta kewayo ya koma Ikko ya shiga Pan Bank, suka ɗauki kofin a 1952 bayan sun zuba wa Warri 6, uku daga ciki nasa ne. Hanyar da Jos ta share kuwa Kano ta bi, domin a 1953 ƙungiyar Kano ta ci Dynamos ta Ikko 2 da 1, kofin ya bar Ikko karo na farko ya hau Arewa. Shi Balogun, jimlar abin da aka lissafa masa na cin wannan kofi sau 5 ne.

INGILAR DA YA TARAR

Kafin mu bi shi Ingila, bari mu ga yadda sana'ar take a can a wancan zamani, don yaranmu sun san Ingilar talabijin ne kawai.

Mutum 5 ake jerawa a gaba, daga lamba 7 zuwa lamba 11, mai lamba 9 a tsakiya, shi ake jefo wa ƙwallo ya sa kai ko ya yi karo da masu tsaron baya. Ƙwallon ta fata ce mai igiyar ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi. Takalmin ya rufe idon sawu, bakinsa da tauri kamar na lebura. Filin kuwa in hunturu ya shiga laka ce zalla, wani lokaci ƙanƙara. Ba a canjin ɗan wasa, sai a 1965 aka fara yarda da shi a gasarsu. In ka ji rauni, ko ka fita a bar 'yan'uwanka su 10, ko ka koma gefe kana ɗingishi har a tashi.

Mutane kuwa suna zuwa kallo ba kama hannun yaro. A kakar wasa ta 1948 zuwa 1949 kaɗai an ƙirga shigar 'yan kallo fiye da miliyan 41. Kuɗi na shiga, amma ɗan wasa kaɗan yake gani, saboda akwai doka da ta ƙayyade iyakar albashi. A 1953 iyakar fam 15 ce a sati, a 1957 aka kai ta fam 17, a 1958 fam 20, kuma in an tafi hutun bazara sai a rage. Ko kai ne gwanin gwanaye ba za ka wuce nan ba. Kuɗin bai ninka na ma'aikacin masana'anta sau biyu ba. Dattawanmu da suka ci zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, za su iya auna abin da kansu, gama fam ɗinmu na lokacin daidai yake da nasu.

Bayan wannan akwai wata igiyar. In ka sa hannu a kulob, takardar rajistarka tana hannunsu ko da kwantiraginka ya ƙare. Suna iya sayar da kai, suna iya riƙe ka, kai kuwa ba ka da ikon tafiya wani wuri sai sun yarda. Sai cikin Janairu 1961, bayan 'yan wasa sun yi barazanar yajin aiki a ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Jimmy Hill, aka soke iyakar albashi, har Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a sati. Igiyar rajista kuma sai da George Eastham ya kai Newcastle United kotu, ya yi nasara a 1963, sa'an nan ta sassauta.

MAI FAMFO DA MAI SUNA

Mutum biyu daga cikin manyan 'yan wasan gaba na Ingila a wannan zamani sun isa misali.

Na farko Tom Finney. Kulob ɗaya ya yi wa wasa duk rayuwarsa, Preston North End, har ya ajiye takalmi a 1960. Ya buga wa Ingila sau 76 ya ci ƙwallo 30. Tun yana yaro ubansa ya tsaya kai da fata sai ya gama koyon aikin famfo kafin ya ba da kansa ga ƙwallo. Ya gama, kuma bai yar da sana'ar ba ko da ya yi suna, har Turawa suna masa laƙabi da mai gyaran famfon Preston. A 1952 kulob ɗin Palermo na Italiya ya yi masa tayin fam 10,000 na sa hannu, ga gida ga mota. Shugabannin Preston suka ce ba inda za shi, haka ya haƙura. Amma ranar da ƙafa ta gaji, kamfaninsa na famfo yana nan yana jiransa. Ya rayu cikin mutunci da rufin asiri har ya mutu a 2014.

Na biyu Tommy Lawton. Shi ne lamba tara da ba a yi kamarsa wajen sa kai a zamaninsa. Sau biyu a jere yana fin kowa cin ƙwallo a babban rukunin Ingila tare da Everton, tun bai cika shekara 20 ba. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 ya cinye masa shekarun ƙuruciya. Duk da haka ya ci wa Ingila ƙwallo 22 a wasa 23. A 1947 Chelsea ta sayar da shi ga Notts County a kan fam 20,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba a Ingila kafin nan. Amma kuɗin na kulob ne. Da ya bar wasa, aikin manaja bai karɓe shi ba, kasuwancin da ya taɓa bai yi albarka ba, bashi ya yi masa katutu har abin ya kai shi gaban alƙali. Sai da tsofaffin abokai suka shirya wasa don a tara masa gudummawa, daga baya wata jaridar garin Nottingham ta ba shi shafi yana rubutu.

Dukansu gwanaye ne, dukansu Turawa ne a ƙasarsu, ba baƙi ba. Abin da ya raba ƙarshensu shi ne ɗaya yana da abin yi a hannu ranar da tafi ya ƙare.

ARADU A LANDAN

Cikin wannan hali Balogun ya sauka Ingila a watan Agusta 1955. Ba shi ne na farko ba, abokin tafiyarsa na 1949, Titus Okere, ya riga shi zuwa Swindon Town a 1953, amma bai sami shiga babbar ƙungiyarsu ba. Balogun ya sa hannu a Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga babbar gasar Ingila ba, sai a 1960 aka karɓe ta. Mutumin da Ikko da Jos ke rawar jiki in an ambaci sunansa, sai ga shi yana neman gurbi a ƙaramin kulob bai samu yadda yake so ba. Ya gangara Skegness Town, wani ƙaramin gari a bakin teku.

A kakar 1956 zuwa 1957 ƙofa ta buɗe. Queens Park Rangers ta yammacin Landan, wadda ke rukuni na uku a lokacin, ta ɗauke shi. Ya buga mata wasan gasa 13, ya ci ƙwallo 3. Daga nan ya koma wani ƙaramin kulob, Holbeach United. Iyakar abin da littafin Turawa ya rubuta masa ke nan.

Kada mai karatu ya raina. Baƙar fata daga ƙasar da Turawa ke mulka, ya shiga fili a Landan ya karɓi albashi daidai da 'ya'yansu, a lokacin da ana iya ƙirga irinsa da yatsun hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayansa Elkanah Onyeali, wanda karatu ya kai shi Ingila, ya ci wa Tranmere Rovers ƙwallo 8 a wasa 13 a kakar 1960 zuwa 1961. Amma gaskiya ɗaya ce. Gwanin da ya fi kowa a Nijeriya kaka ɗaya tak ya yi a gasar Ingila, a rukuni na uku, a kan albashin da doka ta hana ya wuce fam 15 a sati. Da a ce ƙwallon da ya ci ce kaɗai ribar tafiyarsa, da sai mu ce an yi asarar kuɗin jirgi.

Sai dai Balogun bai zauna jiran ranar Asabar kawai ba. Ya shiga kwas na horar da 'yan wasa, ya fito da satifiket, har ana lissafa shi ɗan Afirka na farko da ya sami irin wannan shaida. Da ita ya dawo gida. Ya zauna a Badun yana horarwa a Jihar Yamma, yara da yawa suka fito ta hannunsa. A 1968 yana cikin masu horar da ƙungiyar Nijeriya da ta je wasannin Olamfik a Meksiko, inda Jafan da Sifen suka ci mu, amma muka yi 3 da 3 da Birazil. Allah ya yi masa rasuwa ran 30 ga Yuli 1972, bai kai shekara 50 ba. Filin wasan da ke Surulere daura da babban filin ƙasa, wanda aka buɗe a 2007, sunansa aka sa masa. Na san da yawanku kuna wucewa ta gabansa kullum.

RANAR DA INGILA TA ZO BAUCHI

Yanzu mu dawo gida. Kofin nan da ya kuɓuce wa Jos a 1951 ya yi ta kuɓuce mata shekara da shekaru. Tsofaffi ba su manta da 1972 ba, lokacin da Sam Garba Okoye ya farke wa Mighty Jets ƙwallo 2 ana dab da tashi, aka sake wasan a Badun, Bendel Insurance ta ci 3 da 2. Ikon Allah, sai ga Bauchi ta riga Jos ɗaga shi. A 1998 Wikki Tourists, wadda aka kafa a 1991 aka sa mata sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ta haɗu da Plateau United a wasan ƙarshe. Ba wanda ya ci wani, aka je bugun fenariti, Wikki ta ɗauko kofi. Jos sai a 1999 ta samu.

A 1999 ɗin ne kuma Nijeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Bauchi tana cikin garuruwa 8 da aka yi wasa. A nan filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa mutanen gari suka ga 'ya'yan Ingila ido da ido, Jafan ta ci su 2 da nema. Wasa 3 suka yi a gasar, aka cinye su duka, ba su zura ko ƙwallo ɗaya ba. A cikin tawagarsu akwai wani zanƙalelen yaro mai suna Peter Crouch. Shekara guda bayan haka Queens Park Rangers, kulob ɗin Balogun, ta saye shi, daga baya ya ci wa Ingila ƙwallo 22 a wasa 42. Akwai kuma Ashley Cole. Sauran fa? Kaɗan ne a cikinsu mai kallon ƙwallo a Wunti zai iya tuna sunansu yau, alhali kuwa su ne zaɓaɓɓun ƙasarsu, an haife su a bakin ƙofar da yaranmu ke mafarkin shiga.

Na san abin da samari za su ce. Za su ce wancan zamanin fam 15 ne, yanzu ɗan wasa yana karɓar abin da zai sayi unguwa. Gaskiya ne, kuma 'yan Arewa sun ɗanɗana. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna, ya bi ta Beljiyam, ya isa Everton a 1994, ya ci kofin FA da ita a 1995. Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya bi ta Holan da Rasha, Leicester City ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 16 da wani abu.

To, amma a ƙarasa labarin. Amokachi ciwon gwiwa ya raba shi da manyan filaye tun bai cika shekara 30 ba, sai ya koma horarwa, yana mataimakin Stephen Keshi lokacin da muka ci kofin Afirka a 2013. Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina 2 a gasar duniya ta 2014, zaman Leicester bai yi masa daɗi ba, a farkon 2018 aka mayar da shi Rasha aro. Shi da kansa bai dogara ga ƙafa kaɗai ba, ya gina gidan motsa jiki da gidan mai a Kano tun yana kan ganiyarsa. Albashi ya canza, amma gwiwar ɗan Adam tana nan yadda Allah ya halicce ta.

GA UBA, GA ƊA

Ba cewa nake a hana yaro ƙwallo ba. Baiwa ce, kuma wanda Allah ya ba, ba mai hana shi. Abin da nake roƙon iyaye shi ne, in waya ta zo, a tsaya a yi tambaya kafin a je banki.

Da farko, shekarar yaron nawa? Dokar hukumar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙayyadaddu, kamar iyayensa su ƙaura can don wani aikin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu, a yi hattara da shi.

Na biyu, ina takardar gayyata daga kulob ɗin, kuma ina lasisin dillalin? A 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa ga masu wannan dillanci. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske ba ya rasa kuɗin jirginsa. In aka ce uba ne zai biya komai, har da na cin abincin dillali, to a san wanda ake yi wa gwajin.

Na uku, Ingila ba a faɗa mata daga sama. Tun 2021 sai ɗan wasa ya tara maki, ta wajen buga wa ƙasarsa ko buga wa kulob a wata gasa da suka yarda da ita, kafin a ba shi izinin aiki, in ban da 'yan guraben da aka ware wa kulob. Dubi Amokachi da Ahmed Musa, a gida suka fara yin suna, suka bi ta ƙananan ƙasashe. Balogun ma sai da ya gama da Ikko da Jos. Yaron da bai sami gurbi a kulob na unguwa ba, bai shiga ƙungiyar jiha ba, Wikki ba ta san da shi ba, me zai nuna wa Bature?

Na huɗu, wanda shi ne babba, me ke hannunsa ban da ƙwallo? A nan Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kwalejin fasaha ta tarayya da ta jiha, ga garejin kanikawa da shagunan walda da na ɗinki a kowace unguwa. Uban Finney bai hana ɗansa wasa ba, sharaɗi ya kafa masa. Uban da ke Agege ko Sabo shi ma yana iya kafa irinsa: ka kawo mini takardar gama makaranta, ko shaidar maigidanka cewa ka iya aiki, ni kuma in saya maka takalmi.

Ku da kuke baƙunta kun fi kowa sanin cewa ba a auna tafiya da ranar fita, sai da abin da aka shigo da shi gida. Balogun ya tafi da ƙafa, ya dawo da ilmi, ilmin nan ne ya ci gaba da ciyar da shi bayan Turawa sun manta da ƙwallonsa 3.

Wanda yake da ɗa ko ƙane mai wannan buri, ya yanke shafin nan ya aika masa, ko ya karanta masa in ya zo ganin gida da Sallah. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ku sa'ar abin da kuka fita nema, ya maido ku gida lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.